Kwaɗi Al'umma Ce Mai Tasbihi: Gargaɗi Ga Masu Rushe Mazauninsu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya rayar da ƙasa da ruwan sama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, Allah Ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar mu. A Suratul Isra'i, aya ta 44, Ya ce kowane abu yana yi maSa tasbihi, mu ne ba mu fahimta. Kwaɗo yana cikin waɗannan al'ummomi, har an ambace shi a Suratul A'araf cikin ayoyin da aka saukar wa mutanen Fir'auna. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Abdurrahman ɗan Usman (R.A.) cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da sanya kwaɗo cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin wani Annabi da tururuwa ta ciza, ya sa aka ƙone gidansu duka, sai Allah Ya yi masa wahayi na zargi saboda ya halaka al'umma mai tasbihi.

To ku dubi abin da hannun ɗan Adam yake aikatawa. A shekarar 2023 masana suka fitar da sakamakon bincike a kan jinsuna fiye da 8,000 na kwaɗi da danginsu, suka tarar kimanin kashi 41 cikin ɗari suna fuskantar ƙarewa. Babban dalili shi ne lalacewar mazauninsu: sare daji, faɗaɗa gonaki, haƙar ma'adinai da tare ruwa.

A ƙasar Tanzaniya akwai wani ɗan ƙaramin kwaɗo wanda duk duniya ba ya rayuwa sai a cikin feshin ruwan da ke zubowa daga dutse a kwazazzabon Kihansi, a fili kimanin hekta 2. Da aka gina madatsar lantarki wajen shekarar 2000, aka karkatar da kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan, wurin ya bushe, cuta ta biyo baya. A 2009 aka bayyana cewa ya ƙare a daji. Wasu da aka kai gidajen ajiye namun daji a Amurka su suka tsira, daga zuriyarsu aka fara mayar da shi gida a 2012. A tsaunin Nimba, inda Gini da Kodibuwa da Laberiya suka haɗu, akwai kwaɗon da ba ya zuba ƙwai, sai dai ya haifi ƴaƴansa rayayyu bayan ciki na wata 9. Haƙar ƙarfe ta ci wani ɓangare na mazauninsa. A Kamaru da Ikwatoriyal Gini akwai kwaɗo mafi girma a duniya, nauyinsa yakan wuce kilo 3, shi ma farauta da sarar daji sun rage shi ƙwarai. Wannan yana cikin ɓarnar da Suratur Rum, aya ta 41, ta danganta ga aikin hannun mutane.

Wani zai ce, ai mazhabarmu ta Imamu Malik (R.A.) ta halatta cin kwaɗon ruwa. Gaskiya ne, kuma Shafi'i da Ahmad sun hana, suna kafa hujja da hadisin mai magani. Amma saɓanin yana kan wanda ya kama don ya ci. Babu malamin da ya halatta almubazzaranci, ko ƙarar da jinsi kacokan, ko gurɓata ruwan da jama'a da dabbobi suke sha.

Kada mu ɗauka abin ya tsaya ga ƙasashen kurmi. Daga bakin kogin Kwara, wajen Malanbil da ke daura da Gaya, ana kama kwaɗi da yawa, a busar, a kai kasuwannin kudancin Nijeriya. Tabkunanmu irin na Madarunfa da Tabalak da Gidimuni, rairayi yana cike su idan aka sare itatuwan da ke kewaye. Kwaɗo yana shaƙar iska da ruwa ta fatarsa, don haka maganin ƙwari da aka wanke a tabki yakan kashe shi da wuri. Shi ne kuwa mai cin ƙwarin da ke ɓata shuka, shi kuma abincin tsuntsaye da kifi ne. Idan damina ta sauka, tabki ya yi shiru babu kukan kwaɗi, to manomi da makiyayi su binciki ruwan da suke sha.

Musulunci ya riga ya nuna hanya. Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina don maslahar jama'a, Sayyidina Umar (R.A.) ya keɓe Rabaza. Saboda haka muna kira ga sarakuna da masu gari da limamai su keɓe bakin tabkuna, a hana sarar itace a wurin. Masu noman rani su wanke famfon feshi nesa da ruwa. Masu kamun kwaɗi su bar su a farkon damina, lokacin da suke zuba ƙwai. Iyaye da malaman makarantun allo su hana yara jifar kwaɗi don wasa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da Ya ɗora mana, Ya gafarta mana ɓarnar da muka yi da sani ko da jahilci, Ya ba mu damina mai albarka. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.