Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

A kusan kowace makarantar boko, daga Maraɗi har Tawa, akan sami yaro ɗaya a aji wanda ya cika shafukan ƙarshe na littafin lissafinsa da fuskoki: jarumi mai gashi tsaye kamar ƙaya, da manyan idanu, da dunƙulallen hannu. Ya gan shi ne a talabijin ko a salular yayansa, ya kwafe shi sau ɗari har hannunsa ya haddace. Abokai na kewaye shi suna yabo, shi kuwa ya riga ya ƙudura a ransa cewa in ya girma mai zanen barkwanci zai zama, ko mai ba da labari da zane. Malamin da ya kama littafin yakan rasa na yi, ko ya tsawata don ɓarnar takarda, ko ya yaba wa baiwa. Amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wadda ba safai ake yin ta ba. Zanen nan na wane ne? In kuwa na wani ne, me yaron ya ɗauko tare da shi ba da saninsa ba, kuma wane bashi ya hau kansa?

Da farko ya kamata a wanke kwaikwayo daga zargi, domin babu sana'ar hannu da ake shiga ta wata ƙofa sai ita. Almajiri yakan daɗe yana bin hannun malaminsa a allo kafin a bar shi ya rubuta da kansa. Yaron maɗinki yakan shekara yana maimaita aska biyu da aska takwas a gaban riga yadda ya tarar da su, ba ragi ba ƙari. Maginan da suka yi wa gidajen Birni ado a Damagaram sun fara ne da miƙa wa ubangidansu ƙasa, suna kallon yatsunsa. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa, kuma ba a taɓa kiran ɗayan waɗannan ɓarawo ba.

Haka abin yake ga masu zanen labari na ƙasashen waje. Jarumin da yaron Maraɗi yake kwafa, Son Goku, ya fito ne a 1984 daga alƙalamin Akira Toriyama na Japan, wanda ya ɗauko tushen labarinsa daga wata tsohuwar hikayar ƙasar Sin ta ƙarni na 16. Manyan idanun nan da suka zama alamar zanen Japan, Osamu Tezuka ne ya yaɗa su bayan yaƙin duniya na biyu, shi kuma bai ɓoye ba cewa finafinan Walt Disney na Amurka ne suka rene shi. Ashe yaron da ke tsammanin daga mutum ɗaya ya ara, daga ƙasashe uku ya ara. Saboda haka neman wanda bai ari komai ba ɓata lokaci ne. Abin dubawa shi ne irin abin da aka ara da kuma abin da aka yi da shi.

Mai koyo yakan ari abu biyu a wurin gwani. Na farko shi ne hannu: yadda ake jan layi, yadda ake nuna gudu ko firgita, yadda ake raba shafi gida-gida, yadda ake zuba maganar mutum cikin ƙawanya a bisa kansa. Wannan aro ne na fili, mai shi ya san ya ɗauka. Na biyu shi ne ido: wane ne ake zanawa da kwarjini, wane ne ake zanawa don a yi masa dariya, wa ke tsakiyar shafi, wa ke gefe riƙe da kaya. Wannan yakan shigo ne a ɓoye, a naɗe cikin na farko, kuma a nan ne maganar ta tashi daga fasaha ta koma ta ɗabi'a.

Tarihin Hergé, mai zanen Tintin, ya isa misali, ga shi kuma malamai da yawa a Nijar sun tashi da littattafansa. An haife shi a birnin Brussels a 1907, Tintin kuwa ya fara fitowa a jarida ranar 10 ga Janairun 1929. Hannunsa ya aro daga Alain Saint-Ogan na Faransa da George McManus na Amurka, bai kuma musanta ba. Amma da ya zana tafiyar Tintin zuwa Kwango a 1930 da 1931, bai taɓa taka ƙasar ba. Sai ya zana baƙar fata yadda jaridu da tallace-tallacen zamanin mulkin mallaka suka saba zana su: manyan leɓɓa, tunanin ƙananan yara, kullum suna jiran Bature ya warware musu matsala. Ba shi ya ƙago wannan siffa ba, tarar da ita ya yi. Duk da haka sunansa ne a kan littafin, kuma shi aka ci gaba da tuhuma har bayan mutuwarsa a 1983. Da ya sake zana littafin da launi a 1946, ya sauya darasin da Tintin ke ba yaran Kwango a aji, daga darasin da ke nuna musu Beljiyam ce ƙasarsu zuwa darasin lissafi, amma fuskokin sun zauna yadda suke.

Abin lura shi ne yadda mutumin nan ya canja a wani wuri. A 1934, yana shirin kai Tintin ƙasar Sin, sai aka haɗa shi da wani ɗalibi ɗan Sin mai karatun fasaha a Brussels, Zhang Chongren. Suka riƙa zama tare, ɗalibin yana nuna masa yadda tituna da tufafi da rubutun ƙasarsa suke, yana ba shi labarin mamayar da Japan ke yi musu. Littafin da ya fito daga wannan zama, Le Lotus bleu, wanda aka buga a 1936, ya nuna Sinawa a matsayin mutane masu suna da mutunci da nasu ra'ayin. Hannun Hergé bai canja sosai ba tsakanin littattafan biyu. Abin da ya samu a na biyu shi ne mutum ɗaya daga cikin waɗanda yake zanawa, zaune a gabansa, mai iya ce masa ba haka ba ne. Mutanen Kwango ba su sami wannan kujera ba.

Nijar tana da nata misali, wanda ya fi kusa da yaron da ke bayan aji. Mustafa Alhasan, wanda aka haifa a 1942, ya fara ne da kanikanci, kuma tun yana ƙarami yake haɗa siffofi yana nuna wa jama'a inuwarsu da hasken fitila. A Yamai ya koyi aikin silima a wurin Jean Rouch, daga nan ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi wanda har a kan jikin fim ɗin kansa yake zane. Ga malamai biyu, duka baƙi, duka manya. Da ya ga dama da ya dawo yana maimaita su, a tafa masa a Turai. Sai ya ɗauki dabararsu ya juyo da ita gida. A Bon voyage Sim, na 1966, ya zana shugaban jamhuriyar kwaɗi yana ziyarar aiki a maƙwabciyar ƙasa, da jirgi da fareti da dukan shagalin da sababbin shugabannin Afirka suka gada daga Turawa. Sanya dabbobi su ɗauki halin mutane ba daga Kanada ya koyo shi ba. Duk wanda ya saurari tatsuniyar gizo da ƙoƙi a tsakar gida ya san hanyar.

A cikin shekarar nan ta 1966 ya fitar da Le Retour d'un aventurier, wanda kamar don wannan tambaya aka yi shi. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa huluna, suka rataya bindigogi, suka sauya sunayensu zuwa na jaruman silima, suka hau dawaki, suka shiga sata da faɗa har suka hana gari sakat. Samarin sun ari tufafin, sai halin ya biyo tufafin, suka daina ganin iyayensu da maƙwabtansu sai a matsayin mutanen da ake tsorata a fim. Shi kuwa wanda ya yi fim ɗin, kayan da ya ara iri ɗaya ne da nasu: doki, hula, bindiga, salon finafinan kaboyi gaba ɗaya. Bambancin shi ne ya san aro ya yi, ya kuma yi amfani da kayan aron ya nuna wa mutanensa abin da ke faruwa da ƴaƴansu. Ya zauna a Tawa shekaru masu yawa yana aikinsa, ya rasu a Wagadugu a 2015.

Wani zai ce, to ai maganin a bayyane yake: a raba yara da zanen waje, a mai da su ga na gida. Ga raƙuman dawa na Dabus a ƙasar Abzin, da aka sassaƙa a dutse dubban shekaru da suka wuce, babbar cikinsu ta haura mita 5. Ga zayyana, ga adon ƙwarya, ga aikin dukawa. Gaskiya ne yaron da bai san waɗannan ba an yi masa ƙwange. Sai dai maganar tana da rauni biyu. Na ɗaya, da an hana Mustafa Alhasan zuwa Kanada, da babu kwaɗinsa. Na biyu, wanda ya fi wuyar faɗa, idon gida ma yana da nasa raini. Ban dariyar da ake yi da baƙauye, da mai in'ina, da gurgu, da matar da ta tsufa ba ta yi aure ba, ba daga Turai aka kawo ta ba. Mai zanen da ya kwashe ta yadda take ya zuba a takarda ya yi abin da Hergé ya yi a 1930, ko da kuwa bai taɓa buɗe littafin Bature ba.

Ma'aunin da zai raba gardama yana nan cikin al'adar ƙasar. Wasan barkwanci tsakanin taubasai da tsakanin ƙabilu, irin na Fulani da Barebari ko na Zabarmawa da Abzinawa, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014, yana da sharaɗi ɗaya da ke hana shi zama zagi: wanda aka tsokana yana nan, yana da baki, kuma zai rama. Zane a takarda ba ya ba da wannan dama da kansa, domin wanda aka zana ba ya iya amsawa daga cikin shafi. Shi ya sa nauyin ya koma kan mai alƙalami. Honoré Daumier na Faransa ya zana sarki Louis-Philippe a 1831 yana haɗiye dukiyar talakawa, aka ɗaure shi wata shida a 1832. Wanda ya tsokana yana da ikon ramawa, ya kuwa rama. Mai koyon da ya ari kaifin alƙalamin Daumier ya juya shi kan wanda ba shi da kowa, ya ɗauki wuƙar ne ya bar dalilin da ya sa aka wasa ta.

Daga nan ana iya gane bashin da ke kan mai koyo, da yadda ake biyansa. Kashi na farko shi ne faɗin gaskiya: ya ambaci waɗanda ya koya daga gare su, kada ya sa hannu a kan kwafi ya ce nasa ne. Kashi na biyu shi ne bincike: ya dubi abin da ya gada, na waje da na gida, ya tambayi kansa wa aka ɗaukaka a ciki, wa aka ƙasƙantar, domin daga ranar da ya sa sunansa a ƙasan shafi ba zai iya cewa haka na tarar ba. Kashi na uku shi ne ƙari: ya kai dabarar inda malaminsa bai kai ta ba. Toriyama bai taɓa ganin yadda ɗan kokowa ke tsayawa kafin a kama ba, ko yadda mai tallar fura ke daidaita ƙwarya a ka tana tsallake kwata. In yaron Maraɗi bai zana su ba, babu mai zana masa. Kama da wane ba ta wane, kuma wanda ya ƙare rayuwarsa yana kama da Toriyama ya hana duniya abin da shi kaɗai ya gani.

Aikin malami da na ƙungiyoyin al'adu a nan ba mai tsada ba ne. Ba sai an yaga shafin ba, ba kuma sai an rataye shi a bango an ce an sami gwani ba. Ya isa a tambayi yaron sunan wanda ya ƙago jarumin, in bai sani ba a taya shi nema. Sannan a ba shi farar takarda a aike shi bakin kasuwa ko tashar mota, a ce ya dawo da fuskar mutum ɗaya da ya tsaya ya kalla da idonsa, ya kuma koma ya nuna wa mutumin abin da ya zana, ya ji me zai ce. Zanen farko zai fi kwafin muni nesa ba kusa ba, watakila yaron ya ji kunyarsa. Wannan takardar ce ya kamata malami ya adana.