Cika Alƙawari Ga Abokin Gaba: Wauta Ce Ko Hikima?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, duk mai bibiyar labaran duniya ya san manyan ƙasashe sun iya sa hannu a takarda, sun kuma iya yage ta ranar da ta daina yi musu amfani. Shi ya sa wasu matasanmu ke cewa siyasar duniya ba ruwanta da amana, wanda ya tsaya cika alƙawari shi ake cuta. To, haka abin yake?

A watan Disamban 1994, a birnin Budapest, Yukren ta yarda ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, waɗanda su ne na uku a yawa a duniya. Amurka da Birtaniya da Rasha suka sa hannu cewa za su mutunta iyakokinta. A 2014 Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya, a 2022 ta afka mata da yaƙi. A 2015 Iran ta amince ta taƙaita shirinta na nukiliya a janye mata takunkumi. A 2018 Amurka ta fice daga yarjejeniyar, alhali hukumar makamashin nukiliya ta duniya tana shaidar cewa Iran tana bin sharuɗɗa. Gaddafi kuwa, a ƙarshen 2003 ya sanar da watsi da shirinsa na makaman ƙare dangi. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da izinin kare fararen hula a Libiya, jiragen NATO suka yi ta luguden wuta har gwamnatinsa ta faɗi, aka kashe shi a Sirte.

Wane darasi sauran ƙasashe suka ɗauka? Koriya ta Arewa ta faɗa a fili cewa abin da ya sami Libiya ya ishe ta wa'azi, ba za ta saki makaminta ba. Kun ga ke nan, duk alƙawarin da aka karya, kasuwar makamai aka yi wa talla. Idan sa hannu ya daina kare mutum, kowa sai ya nemi bam. Kuma wutar ba ta tsayawa inda aka kunna ta. Makaman da suka watsu daga rumbunan Libiya suna cikin abin da ya rusa arewacin Mali a 2012, har yau kuma yankin Sahel bai huta ba.

Yanzu mu dubi namu tarihin. A shekara ta 6 bayan Hijira, a Hudaibiyya, an yarda cewa duk wanda ya gudo daga Makka za a mayar da shi. Ana cikin rubuta sulhun sai ga Abu Jandal, ɗan Suhailu bin Amr, yana jan mari a ƙafa, ya tsero daga azaba. Sahabbai ransu ya yi matuƙar ɓaci, Sayyidina Umar ya kasa yin shiru. Amma Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi, ya umarce shi da haƙuri. Kafin wannan, lokacin Badar, Ƙuraishawa sun kama Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa, suka sake su bisa sharaɗin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Ranar da Musulmi ɗari uku da 'yan kai ke fuskantar kusan mutum dubu, Annabi ya ce su koma Madina, a cika wa mushirikai alƙawarinsu. Aya ta 72 a Suratul Anfal ta kai abin ƙarshe: ko Musulmi ne suka nemi agaji, aka wajabta taimakonsu, sai aka cire mutanen da ke da yarjejeniya da mu.

Wani zai ce: Malam, wannan ai miƙa wuya ne. A'a. Surar nan ita ce ta umarci a yi tanadin ƙarfi gwargwadon iko. Ita ce kuma ta koyar cewa idan alamun ha'inci suka bayyana, a sanar da abokin gaba a fili cewa sulhu ya ƙare, kafin a ɗaga takobi. Abin da aka haramta shi ne yaudara: ka bar mutum ya yi barci a kan maganarka, sannan ka auka masa. Da Mu'awiya ya matsa da runduna kusa da iyakar Rumawa don ya far musu da zarar wa'adi ya cika, Amr bin Abasa ya tunatar da shi koyarwar Annabi, sai ya juya da mutanensa. Da Ƙuraishawa kuma suka karya sulhu, suka taimaki Banu Bakr a kan Khuza'a, ba a naɗe hannu ba, aka buɗe Makka a shekara ta 8. Mutum kusan 1,400 ne a Hudaibiyya. Bayan shekara biyu, 10,000 ne suka shiga Makka. Zaman amincin da aka riƙe da gaskiya shi ya buɗe wa da'awa hanya.

Inda abin ya shafe mu shi ne nan. Da yawanmu mun mayar da rikicin ƙasashe kamar kallon ƙwallo. Idan wadda muke ƙi ta karya alƙawari, sai mu ce zalunci. Idan wadda muke so ce ta karya, sai mu ce dabara. Musulmi ba shi da mudu biyu. Saɓa alƙawari yana cikin alamomin munafunci da Annabi ya lissafa, ko a Washington aka yi shi, ko a Mosko, ko a fadar sarkin da yake salla.

Kuma kafin mu tuhumi shugabannin duniya, kowa ya duba bashin da ya ce zai biya ƙarshen wata, da sulhun gona da aka yi a gaban mai unguwa. Wanda ya saba cin ƙaramar amana, ranar da aka ba shi ƙasa ba zai canza hali ba.

Allah Ya sa mu cikin masu cika alƙawari, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wallahu a'alam.