Layin Yashi da Layin Dutse

A wani gidan Hausawa a unguwar Gurda, cikin birnin Sabha, uwa ta zuba yashi a babban faranti, ta baje shi da tafin hannu, ta miƙa wa 'yarta mai shekara 4 tsinken dabino.

"Auta, ja min hanya daga nan zuwa can."

Layin ya fito a karkace kamar sawun maciji. "Umma, ya ƙi miƙewa."

"Daina kallon tsinken, kalli inda za ki."

Da yarinyar ta kafa ido a ɗaya bakin farantin sai layi ya miƙe, ko da dai ba sambal ba. Daga nan aka shiga lanƙwasasshe irin gadon bayan tudun rairayi, da mai hawa da sauka irin haƙoran zarto, da wanda ya zagayo ya kama wutsiyarsa ya zama da'ira. Kowanne aka gama sai a girgiza faranti, ya ɓace kamar ba a yi ba.

Yamma da Sabha, an wuce garin Jarma, a kwarin Matkandush, akwai layukan da girgiza ba ta ɗauke su. Zanen raƙumin dawa ne da giwa, har da kada, a jikin duwatsu, tun shekaru dubbai, lokacin da Allah ya wadata wannan hamada da koguna da ciyawa. Wanda ya zura yatsa cikin zanen zai ji gurbi mai zurfi da santsi. Sara ɗaya ba ya yin haka. Sai an fara tsattsaga ɗigo-ɗigo, sannan a yi ta goga wani dutsen a wuri guda, kai da komowa.

In Bahaushe ya ce hali zanen dutse ne, akan ɗauka da shi aka haifi mutum. Amma dutsen Matkandush fes aka halicce shi, hannu ne ya yi ta bin hanya ɗaya. Kalmar "sakarai" da aka jefa wa yaro yau, a yashi ta faɗa. Ta gobe da ta jibi kuwa gurbin ta yau suke bi. "Allah ya yi miki albarka" ma haka take ci, sannu-sannu, mai faɗa bai ma san yana sassaƙa ba.

Da la'asar iskar hamada da ake kira gibli ta taso, uwar ta juye yashin a tsakar gida. Auta na tsaye jikin bango tana jan yatsa cikin ƙura, idonta na can ƙarshen bangon.