Baƙin Mai da Haƙƙin Wanda Ba Mu Sani Ba

Idan mun sayi babur na hannu, da tarihinsa muke saye. Fenti yana iya sheƙi, amma abin da mai shi na farko ya yi, ko ya ƙi yi, yana kwance cikin inji. Sau da yawa mita ta daɗe da mutuwa, babu kuma takardar da ta nuna ranar juyen mai na ƙarshe. Shi ya sa duk bakaniken kirki zai ce a juye baƙin mai tun ranar farko, a fara lissafi daga nan.

Ƙaramin babur irin Boxer ko Jincheng mai kusan lita 1 yake sha, kuma wannan man ne ke hidimar inji da giya da kuloci gaba ɗaya. Babu ruwan sanyaya inji, iska ce kawai, don haka zafi yana saurin cinye man. Galibi ana juyewa bayan kilomita 2,000 zuwa 3,000, ƙurar hunturu da lodi kuma suna rage wannan tazara. Sarƙa tana son mai kusan kowace kilomita 500. Babur mai birkin faifai yana son sabon man birki duk shekara 2, domin man yana tsotsar danshi, birkin ya yi sanyi a ranar da aka fi buƙatarsa.

To, idan mutum ya yi sakaci da wannan, wa ya zalunta? Amsar da muka saba ji ita ce, “Ai kayana ne.” Amma sakacin inji bashi ne mai jinkirin biya, kuma ba lallai wanda ya ci ne zai biya ba. Mai babur ya ba ɗan acaɓa yana karɓar balas kullum: wannan ba ya hawa, wancan ba nasa ba ne, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya sayi mai. Idan inji ya fara hayaƙi, a ɗura masa mai mai kauri don ya yi shiru, a kai kasuwa. Wanda zai biya shi ne matashin da ya tara kuɗin kakarsa ya saya, ko matar da aka goya ranar da birki ya ƙi. Malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da hajar da aka ɓoye wa aibi, sai dai aibin cikin inji ba ya fitowa sai ciniki ya tsufa.

Mu masu rubuta manhaja mun san dalilin da ya sa irin wannan aiki ba shi da farin jini. Kafin shekarar 2000 an shafe shekaru ana gyara matsalar kwanan wata a kwamfutocin duniya. Da ranar ta wuce lafiya, sai mutane da yawa suka ce dama ruɗu ne. Wanda ya tayar da abin da ya mutu ana yi masa tafi. Wanda ya hana shi mutuwa ba shi da abin nunawa.

Nan ne gwajin amana yake: aikin da ba mai gani, don mutumin da ba mu sani ba. Abin da ake nema kaɗan ne. Mu juye mai a kan lokaci, mu rubuta rana da kilomita a ƙaramin littafi, ranar sayarwa mu miƙa shi tare da makulli, mu faɗi aibin da muka sani ko da farashi zai sauka.