Ta'aziyya Ga Uwar Da Ta Goyi Ɗanta Har Ƙarshe

'Yar'uwata, ya haƙuri?

Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa ya huta, ke ma kin huta. Da kyakkyawar niyya suke faɗa. Amma ke ɗa kika rasa. Ɗan da bai taɓa buɗe baki ya kira ki Umma ba, amma kin san kukansa na yunwa, kin san na ciwo, kin san abin da yake nufi in ya juya ido. Ki yi kukanki. Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Tun kafin suna shawarar jarirai ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Wuya bai tsaya ba, zama bai samu ba. Wasu suka ce ɗan ruwa ne, wasu suka ɗora miki laifi. Kika haɗiye, kika ci gaba da goyo har ya wuce shekarun goyo. Ke ce a Adaidaita Sahu zuwa asibiti wajen gashi. Ke ce mai ba shi kunu cokali-cokali don kada ya ƙware. Ke ce zaune tsakar dare in farfaɗiya ta tashi. Biki da suna suka wuce ki. Bayanki ya riƙe, jininki ya hau, barci ya ƙaurace miki, kuma ba kasafai ake tambayar lafiyarki ba.

Allah Ya gani, babu daren da ya ɓace a wurinSa. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda aka karɓi ran ɗansa, ya gode wa Allah, ya mayar da lamarin gare Shi, ana gina masa gida a Aljanna mai suna Baitul Hamdi. Ɗanki kuwa ya koma ga Ubangijinsa alƙalami bai hau kansa ba.

Jikin nan da ya yi wannan hidima shi ma amana ne. In an tashi daga zaman makoki, ki bari a raka ki a auna jininki. In barci da cin abinci suka ƙi dawowa, ki gaya wa likita. Yin haka bai rage tawakkali ba. Ki bar 'yan'uwa su riƙe miki girki, ki kwanta.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa mai ceto ne. Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya mayar miki da lafiyarki, Ya haɗa ku a Aljanna yana tafiya da ƙafafunsa.