Layin Dogon da Bai Iso Zuru Ba da Tambayar Amanar Daji

Layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗawa daga Baro a 1907, wanda ya isa Kano a 1911, da kuma reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙaurar Namoda a 1929, duk sun bar ƙasar Zuru a gefe, domin gyaɗa da auduga aka bi, ba jama'a ba. Akan lissafa wannan a cikin asarorin yankin, alhali kuwa tarihin garuruwan katako na jihar Mishigan a Amurka, inda jirgin ƙasa ya shiga daji a ƙarshen ƙarni na 19 ya kwashe itatuwan sannan aka tumɓuke ƙarafan aka bar wasu garuruwan kufai, ya nuna cewa hanyar da ke kawo ciniki ita ce kuma ke fitar da abin da gari ya dogara a kansa.

Tambayar da ke nan ta ɗabi'a ce: wanda bai sare maɗaci ba saboda ba shi da abin da zai kai gungumen kasuwa, shin ya kiyaye amana ne, ko kuwa nisa ne ya kiyaye masa ita? Malaman Musulunci sun bambance barin abu don gazawa da barinsa bisa zaɓi, suka rataya lada a kan niyya, wato ƙudurin zuciya da ke gabatar aiki. Halifanci kuwa, ma'ana riƙon ƙasa a matsayin wakili ba mamallaki ba, ba ya bayyana sai ga mai ikon ɓatawa. A bisa wannan ma'auni, tsayuwar itace a inda jirgi bai je ba ba ta isa shaidar tsoron Allah ba.

Sai dai ba nisa kaɗai ya tsare itatuwan Zuru ba. Manomin da ke share gona yana ƙyale kaɗanya da ɗorawa, duk da gatari na hannunsa, saboda man kaɗe da daddawa haƙƙin matan gida ne da 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. Lelna, mutanen ƙasar Zuru waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun keɓe kurmin Girmace da kadojinsa a matsayin wurin da ba a taɓawa, abin da ya yi kama a aikace, ko da tushen aƙidar ya sha bamban, da hurumi, wato filin da gari ke hana kowa mallaka don amfanin kowa. A nan akwai iko, akwai kuma kamewa.

Abin da jirgi bai yi ba, babbar mota da zarto mai inji sun zo sun iya. Ƙirya, wadda maƙera suka daɗe da sanin ƙarfin gawayinta, yanzu buhu-buhu take barin ƙauyukan Arewa zuwa birane, madobiya kuwa an yi ta jigilarta daga Taraba da wasu jihohi zuwa Sin har ta kai ga yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, ta sa mata takunkumi daga 2017. Mai sayen buhun gawayi a birni bai san kurmin kowa ba, kuma dillalin da ke aiko da mota ba ya cikin waɗanda hanin dattawan gari ke hawa kansu.