Moɗar Ruwan Sanyi

'Yan'uwa cikin Ubangiji, akwai wata magana da a kan ji a bakin masu bi da yawa, watau, "In Allah ya buɗa mini, zan taimaki matalauta." Maganar da daɗin ji, amma sai mu yi tambaya: ashe alheri aikin mai dukiya ne kaɗai? In haka ne, yawancinmu manoma da 'yan ƙwadago ba abin da Allah zai tambaye mu ke nan.

Ba haka Ubangijinmu ya koyar ba. Cikin Matta 10:42 ya yi alkawarin lada ga wanda ya shayar da ƙaramin almajirinsa da ruwan sanyi. Mu lura, ko itacen hura wuta wannan kyauta ba ta bukata. Wane gida ne ba shi da randa da moɗa? Cikin Matta 25 kuma, inda ya ke kwatanta ranar shari'a, ayyuka shida ya lasafta: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi, saukar da baƙo, suturta huntu, duba mara lafiya, da ziyartar ɗan kurkuku. Tsohuwar da ba ta san karatu ba tana iya yinsu duka.

Watakila wani zai ce, "Ai ta wurin bangaskiya a ke samun ceto, ba ta wurin ayyuka ba." Gaskiya ne, ba mai sayen ceto da ƙwaryar tuwo. Amma mangwaro ba ya yin 'ya'ya domin ya zama mangwaro. Yana yi ne domin shi mangwaro ne, yana kuwa da rai. Manzo Yaƙub ya nuna mana cewa wanda ya sallami ɗan'uwa mayunwaci da addu'ar baki kawai, bangaskiyarsa gawa ce.

Ƙaramin alheri kuwa ya fi babba tona abin da ke cikin zuciya. Babbar kyauta a kan sanar da ita a majami'a, mai ita ya sha yabo. Amma wa zai yabi yaron da ya ɗebo wa gwauruwa ruwa daga rijiya? Mun kuma san al'adar biki: abin da ka kai ranar sunan ɗan maƙwabci kana riƙe da lissafinsa, gama ranar naka za a mayar har da ƙari. Biki ba laifi ba ne, amma rance ne. Domin haka cikin Luka 14 Yesu ya ce mu gayyaci waɗanda ba su da abin sāka mana.

Kada mu rena ƙarfin waɗannan ayyuka. Yuliyan, Sarkin Rum, ya bar bin Kristi, ya so ya komo da bautar gumaka. A shekara ta 362 ya rubuta wa babban firist na gumaka a ƙasar Galatiya, yana kukan cewa Kirista suna ciyar da matalautansu, har da na masu bautar gumaka. Ya umarta a gina masaukan baƙi a birane domin a yi gasa da su. Ga shi, maƙiyin ekklesiya da kansa ya shaida abin da ke jawo mata mutane. Haka ya ke a garuruwanmu. Maƙwabcin da ba zai taɓa shiga majami'a ya ji wa'azi ba, yana ganin wanda ya zo yi masa sannu sa'ad da ɗansa ke kwance. In kuwa mun wuce ƙofarsa da Littafi a hammata ba ko gaisuwa, wannan ma wa'azi ne, amma mai kunyatar da Ubangijinmu.

Saboda haka kada mu jira wadata. A makon nan kowannenmu ya dubi na kusa da shi. Akwai tsohon da gonarsa ta sha ciyawa? Matasa su kai masa gayya. Akwai mai jego da ba ta da mai yi mata daka? Matan zumunta su raba kwanaki. Wanda ba shi da kome, yana da fuska, Hausawa kuwa sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Allah ya ba mu idon ganin bukatar maƙwabci, da hannu mai saurin miƙa moɗa. Amin.